Kifin da manyan jirage ke zubarwa a teku: da gaske yana amfanar tsuntsaye?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, ya ce ya ga bidiyon wani ƙaton jirgin kamun kifi a tsakiyar teku, tsuntsaye dubbai sun yi masa rumfa ta baya suna wawason kifin da ma'aikata ke shebowa suna watsawa a ruwa. Shine yake cewa, to in dai tsuntsaye na cinye abin da aka zubar ai ba a yi asara ba, kamar sadaka ce ma, don me kuma aka ce Turawa sun kafa dokar hana zubarwa, ba za su kashe tsuntsayen da yunwa ba?

Malam tambayarka ta yi ma'ana sosai, kuma masana tsuntsayen teku sun fi shekara talatin suna kai kawo a kanta. Eh tsuntsaye na ci, suna ci da yawa ma fiye da yadda kake zato. Amma wane tsuntsu ne ke samu, me abincin ke yi wa 'ya'yansa, me kuma ke jiransa a bayan jirgin, nan ne maganar ta canza, kuma ni dai ban yarda a kira shi sadaka ba.

Bari mu fara da abin da ake zubarwan. Kashi biyu ne. Akwai kayan ciki da kawuna da hanta na kifin da aka gyara a cikin jirgi, tunda manyan jiragen nan kamar masana'anta suke, a ciki ake fiɗa a wanke a daskarar. Sannan akwai kifi sukutum da aka kama amma ba a so. Jirgin da ke jan koma a ƙasan teku ba ya zaɓe, duk abin da ya tarar kwashewa yake, to in an zazzage a kan jirgi sai a ware, wanda bai kai girman da doka ta yarda a sayar ba a mayar, wanda ba shi da kasuwa a mayar, wanda kason da gwamnati ta ba jirgin na irinsa ya ƙare shima a mayar ko da lafiyayyen kifi ne mai tsada, wani lokacin ma kyaftin ɗin ne kawai yake so ya cika ɗakin sanyinsa da manya masu kuɗi sai ya zubar da matsakaita. Kuma yawancinsu kafin su koma ruwa sun mutu ko suna gab da mutuwa. Masu kamun jatan lande a ƙasashe masu zafi su suka fi kowa ɓarna a wannan fannin, don idon komarsu ƙanana ne. Hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa ƙiyasta tan miliyan 27 a shekara a rahotonta na 1994, daga baya da aka sake lissafi da wata hanya adadin ya sauko, rahoton 2019 ya ce wajen tan miliyan 9, kusan kashi ɗaya cikin goma na duk abin da ake kamawa a tekunan duniya.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shine wannan abincin asali ba rabon tsuntsu bane. Kifi irin su kod da hadok da hek, shi hek ɗin dangin wanda ake sayar mana daskararre da sunan panla ne, a can ƙasan teku suke zaune, wani zurfin ya wuce mita ɗari biyu, kuma tsuntsayen da ke bin jirgi yawancinsu a saman ruwa suke ƙoto ko su ɗan nutsa kaɗan. Har abada ba za su kai wurin ba. To da aka jawo kifin sama da sauri, jakar iskar da ke cikinsa sai ta kumbura saboda nauyin ruwa ya ragu a kansa, ko an mayar da shi ba zai iya nutsewa ba, sai ya yi ta yawo a sama ciki a waje. Kaga ta faɗo wa tsuntsu gasassa, ba farauta ba wahala, ga shi kuma kusan kullum a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Kayan ciki da dogayen kifaye kusan duk suna cinyewa, faffaɗan kifi irin mai kwanciya a yashi yana musu wuyar haɗiya, su ƙaguwa da tauraron teku kuwa yawanci nutsewa suke su zama rabon na ƙasa.

Inda aka fi nazarin abin shine Tekun Arewa, tsakanin Birtaniya da Norwe da Denmak da Holan. Wani bincike da Richard Sherley da abokan aikinsa suka fitar ya lissafa cewa a 2010 kifin da ake zubarwa a wannan tekun kaɗai ya isa ciyar da tsuntsaye wajen miliyan 3, a 1990 kuwa wajen miliyan 5 ne, don zubarwar ta ragu kusan rabi a tsakanin. Akwai wani tsuntsu da ake kira fulma, fari da toka-toka, a duk Birtaniya a tsibiran St Kilda kaɗai yake sheƙa har zuwa 1878 da aka same shi a tsibirin Foula na yankin Shetland, daga nan cikin shekara ɗari ya zagaye kusan duk gaɓar ƙasar. James Fisher, wanda ya yi shekaru yana bin diddiginsa, ya ɗora abin a kan kitsen kifin whale da masu farautarsa ke yasarwa da kuma kayan cikin da jiragen koma ke zubarwa. Wasu masanan sun ce canjin yanayin ruwa ma na da hannu, kuma ina ganin da gaskiyarsu, amma ba wanda ya ce jiragen ba su taka rawa ba.

To zuwa nan sai ka ce ai magana ta ƙare, tsuntsaye sun ƙaru. Sai dai ka sake kallon bidiyon nan da kyau, bayan jirgi filin ƙarfi ne. Manya ke ci, su ganet da manyan gal masu baƙin baya da skuwa, ƙaramin tsuntsu ko ya cafki kifi sai an bi shi an ƙwace, wasu kuma irin su fafin da gilimot masu nutso su kamo ɗanyen kifinsu ba ma sa zuwa wurin sam. Wato abincin bai ƙara yawan tsuntsaye baki ɗaya ba, wasu 'yan nau'o'i ya kumbura, kuma akasarinsu masu cin 'yan'uwansu ne in ta kama.

Misalin da ya fi fito da wannan shine babban skuwa, wani ƙaƙƙarfan tsuntsu ruwan ƙasa wanda a da fiye da rabin na duniya a Skotland suke haihuwa. Stephen Votier da Robert Furness da wasu sun tattara bayanan shekaru da dama daga Shetland suka buga a mujallar Nature a 2004, hanyar kuma mai sauƙi ce, skuwa na amayar da ƙaya da gashin abin da ya ci a dunƙule, sai a tsince a duba. Suka ga duk shekarar da zubar da kifi ya ragu, musamman in ƙananan kifin yashi da ake kira sandil suma sun yi ƙaranci, sai gashin tsuntsaye ya ƙaru a cikin aman, ma'ana skuwa ya koma cin ƙananan tsuntsaye irin su kitiwek da fafin da 'ya'yansu. Jirage sun tara rundunar da teku ba ta iya ɗauka da kanta, ranar da aka rage mata abinci sai ta juya kan maƙwabta. Haka aka gani a Niyufanlan ta Kanada bayan gwamnati ta rufe kamun kod a 1992, manyan gal suka rasa abin da suka saba suka afka wa kitiwek, daga baya yawansu ya sauka, su kuma masu nutso irin gilimot sai suka samu sauƙi don an kwashe ragar kalli da ke shaƙe su a ƙarƙashin ruwa. Shi skuwa ɗin ma yanzu abin tausayi ne, murar tsuntsaye ta 2021 da 2022 ta kashe fiye da rabin na Skotland.

Amma labarin da ya fi taɓa ni, kuma shi nake so ka riƙe, a nahiyarmu yake. Ganet na Kef tsuntsu ne fari mai rawayan kai, yana tashi sama ya naɗe fukafukai ya faɗo cikin ruwa da ka ya cafko sardin ko ancobi, a duk duniya tsibirai shida kawai yake haihuwa, uku a Namibiya uku a Afirka ta Kudu, 'ya'yansa in sun tashi wasu har mashigin tekun Gini suke zuwa yawo. Ruwan yankin, wanda ake kira Benguwela, yana cikin mafi albarkar kifi a duniya. Sai aka yi ta kwasar sardin a Namibiya har ya durƙushe tun wajen shekarun 1970, a Afirka ta Kudu kuma daga ƙarshen shekarun 1990 ragowar garken ya karkata gabas, nesa da tsibiran yamma. Tsuntsun bai bar gidansa ba, don irinsu suna da naci a kan inda suka saba sheƙa, sai ya koma bin jiragen hek yana cin kawuna da kayan ciki. David Grémillet da tawagarsa sun bi su a tsibirin Malgas da ƙananan na'urori, suka buga sakamakon a 2008. Manyan da ba sa kiwon 'ya'ya lafiyarsu ƙalau, suna ƙoshi, ba sa ma wahalar nutso kamar da. Amma masu 'ya'ya sai aka ga suna ninka ƙoƙarinsu wajen neman sardin ɗin da babu, in sun rasa sai su kawo wa ɗan tsakon hek, kuma yawancin 'ya'yan mutuwa suka yi. Dalili shine maiƙo. Sardin kifi ne mai maiƙo sosai, hek kuwa farin nama ne ruwa-ruwa, ƙarfin da ke cikinsa bai wuce wajen rabin na sardin ba. Ɗan tsako cikinsa ƙarami ne, akwai iyakar abin da zai iya ɗauka a rana, ga shi cikin wata uku dole ya yi gashi ya tara kitsen da zai rayu da shi lokacin da zai faɗa teku shi kaɗai ba uwa ba uba yana koyon farauta. Cikinsa a cike yake amma ba ya girma yadda ya kamata. Kuma ƙwai ɗaya tal suke yi a shekara. Hatsarin abin shine wanda ya zo ya ƙirga manya zai ce komai lafiya, tunda tsuntsu ne mai tsawon rai, sai bayan shekaru a farga babu matasa masu maye gurbi. A 2017 aka saka shi cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa.

Don kar in yi rashin adalci, akwai inda zubarwar ta ɗaga tsuntsun da ke neman ɓacewa. A bakin kogin Ebro na ƙasar Sifen, gal ɗin Audouin mai jan baki ya fara sheƙa a 1981 da ma'aurata 36 kacal, kafin shekara ashirin sun haura 10,000, fiye da rabin na duniya, saboda an kare wurin kuma jiragen koma na yankin na zubar da sardin da ƙananan kifi masu maiƙo. Kaga a nan abincin mai kyau ne. Amma daga 1991 aka fara dakatar da jan koma na wata biyu duk shekara don kifi ya farfaɗo, sai ya zo daidai da lokacin haihuwarsu, Daniel Oro ya auna ya ga ƙwai sun ƙanƙance, 'ya'yan da ke tashi sun ragu ƙwarai, tsuntsayen suka bazama gonakin shinkafa suna cin wani jan ƙaguwan ruwa da aka shigo da shi daga Amurka. Waɗannan gal ɗin in sanyi ya shigo Turai gaɓar Maroko da Muritaniya da Senegal da Gambiya suke saukowa. Abin da nake so ka gani shine ko inda abin ya yi amfani, rayuwar tsuntsun ta koma hannun jadawalin jirage. A gaɓar Sifen ta Bahar Rum jiragen koma ba sa fita Asabar da Lahadi, kuma da aka saka wa wasu tsuntsaye na'urar bin sawu an ga yadda suke yawo ranakun aiki daban, na ƙarshen mako daban.

Sai kuma mutuwa kai tsaye, wadda ita bidiyon ba zai nuna maka ba. Ka san yadda ungulu ke taruwa a mahauta, kuma wannan taruwar ce ta sa masu kama ta ko saka mata guba ba sa shan wahalar nemanta, har ta yi wuyar gani a garuruwanmu da yawa. To haka jirgi yake ga tsuntsun teku. Ya riga ya koyi cewa jirgi na nufin abinci, ganet na karkata zuwa jirgi tun daga nisan kilomita 11, albatros, ƙaton tsuntsun teku mai dogayen fukafukai, daga wajen 30, kuma ba ya bambance jirgin koma da jirgin mamari. Mamarin teku igiya ce da kan kai kilomita 100 ɗauke da dubban ƙugiyoyi, kowace da ƙoto, lokacin da ake sakinta kafin ta nutse tsuntsu sai ya cafki ƙoton, ƙugiya ta kama shi, igiya ta ja shi ƙasa. Ƙiyasin 2011 ya ce tsuntsaye 160,000 zuwa 320,000 ke mutuwa haka duk shekara. A jirgin koma kuma wayoyin ƙarfen da ke jan ragar ne matsala, tsuntsu na cikin wawason kayan ciki fukafukai a buɗe, igiyar ruwa ta ɗaga jirgi wayar ta sauko ta naɗe fiffiken ta danna shi cikin ruwa, yawanci ko gawar ba a gani. A Sifen ma an lura ranakun da jiragen koma ke hutu tsuntsaye sun fi mutuwa a ƙugiyar masu mamari, don yunwa ta kora su can. Ga albatros wannan bala'i ne, babbansu sai ya kai wajen shekara goma kafin ya fara haihuwa, ƙwai ɗaya a shekara biyu, in uwa ko uba ya mutu ɗan da ke sheƙa shima ya tafi. Cikin nau'o'i 22 na albatros, 15 na cikin barazana.

Abin farin ciki wannan ɓangaren yana da magani kuma mai araha ne. Masuntan Japan ne suka ƙirƙiro wata igiya da ake ja a bayan jirgi da tsummoki masu launi suna reto, tsuntsu na tsoron ratsa ta. Sai a haɗa da saka wa ƙugiya nauyi ta nutse da wuri, a saki mamari da dare, sannan a daina zubar da kayan ciki lokacin da ake sakin raga, a tara a zubar gaba ɗaya daga baya. Ƙungiyoyin kare tsuntsaye na BirdLife da RSPB sun kafa wata tawaga mai shiga jirage tana aiki tare da masunta, a jiragen hek na Afirka ta Kudu mutuwar albatros ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, a Namibiya bayan dokar 2015 tsuntsayen da mamarin hek ke kashewa sun sauko daga wajen 22,000 a shekara zuwa wajen 200. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan lissafin sai in ji daɗi, igiya ce fa da tsumma.

Yanzu dokar da ka tambaya. Norwe ta hana zubar da kod da hadok tun 1987, Tarayyar Turai ta amince da tata a 2013, aka fara aiki da ita kaɗan-kaɗan daga 2015 zuwa 2019, cewa duk kifin da ke da kaso in ka kama dole ka kawo shi tudu a cire daga kasonka. Ba don tsuntsu aka yi ta ba, an yi ne don masunci ya ji zafin kama abin da ba ya so, ya gyara idon ragarsa ko ya kauce wa inda ƙananan kifi ke taruwa. Dokar ba ta hana zubar da kayan ciki ba, tana da rangwame da yawa, kuma bin ta a tsakiyar teku inda ba mai gani yana da rauni, shi yasa abincin bai yanke dare ɗaya ba. Tsoronka gaskiya ne ta wani gefen, manyan gal da skuwa da fulma za su ragu, wasu za su koma juji da cikin gari, kuma kafin abin ya daidaita ƙananan tsuntsaye za su sha wahala a hannun manya. Duk da haka ina goyon bayan a daina zubarwa. Ƙaramin kifin da aka kashe aka watsar shine babban kifin da ba za a samu ba nan da shekara uku, kuma yawan tsuntsayen da aka gina a kan ɓarna dama ba mai ɗorewa bane, tun kafin dokar ya fara sauka saboda kifin kansa ya ragu.

Sharaɗina ɗaya ne, in za ka janye wannan abincin to ka bar musu nasu na asali a cikin ruwa. A 2011 Philippe Cury da wasu masana suka haɗa bayanan tekuna bakwai da nau'in tsuntsu 14 a mujallar Science, suka ga abu ɗaya na maimaituwa, da zarar ƙananan kifi masu maiƙo sun sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na mafi yawan da aka taɓa gani, haihuwar tsuntsaye sai ta fara lalacewa. A kan irin wannan hujjar Birtaniya ta rufe kamun sandil a ruwan Skotland da ɓangaren Ingila na Tekun Arewa a 2024, Tarayyar Turai ta kai ƙara saboda jiragen Denmak ne suka fi kamunsa suna niƙawa.

Mu a Afirka ta Yamma kuma salon matsalar daban ne, nan ba a cika barin kifi ya tafi a banza ba. A Gana akwai lokacin da abin da suke kira saiko ya yi ƙamari, manyan jirage na daskarar da ƙananan kifin da bai halatta su kama ba su sayar wa masu kwale-kwale a tsakiyar teku a kai garin Elmina, ƙungiyar kare muhalli ta EJF ta ƙiyasta wajen tan 100,000 a 2017, to da abin ya zama kuɗi sai jiragen suka koma nemansa da gangan. A Nuwadibu ta Muritaniya da Senegal da garuruwan Gunjur da Sanyang da Kartong na Gambiya kuma masana'antu ne ke niƙa sardinela su mai da shi garin abincin kifin kiwo da dabbobi a fitar waje. Wannan sardinela ɗin shine wanda mata ke ƙyafewa a sayar wa talaka, kuma shine ganet ɗin Turai da gal ɗin Audouin ke tahowa ci a gaɓar Muritaniya da Senegal lokacin sanyi. Masana kifi na FAO sun daɗe suna cewa ana kamunsa fiye da kima a yankin, kuma har yanzu masana'antun na aiki.